Yaya Ya Ari Fitona

Jini na fara gani a bokitin ruwan Tsintsiya. Ba mai yawa ba ne, ɗan ja-ja ne yana yawo a saman ruwan tare da ɓurɓushin dusa, amma ni da nake wanke bokitin nan da hannuna kullum na san ba haka na bar shi da safe ba. Na ɗaga kai. Goɗiyar tana can ƙuryar ɗakinta, ta juya wa ƙofa baya, kunnuwanta a kwance, gumi ya bushe a wuyanta har ya yi fari.

Na yi mata fito. Fiton nan namu, gajere, ƙasa-ƙasa, wanda ko tana ƙarshen fili in ta ji sai ta bar ciyawa ta taho. Sai ta zabura ta bugi bango da kafaɗa, har kwanon rufi ya amsa. Nan take na san an taɓa ta, kuma ban tsaya tambayar kowa ba, don bargarmu ba ta da maza da yawa.

Bargar ta Baba ce, a bayan gari, inda kwalta ta ƙare. 'Yan dawaki ne da mu, mutane suna kawo 'ya'yansu koyon hawa a ƙarshen mako. Baba a cikin dawaki ya tsufa, kuma karatunsa ɗaya ne tun muna yara: doki ba ya ganin girmanka sai ya ji ƙarfe a baki. A ɗakin sirdi akwai jerin ƙusoshi a bango, kowace da linzaminta, daga mai sauƙi har zuwa wani baƙi mai tudu a tsakiya, wanda Baba ke kira Alƙali, wai don ba a ɗaukaka ƙara a gabansa. Bara hawan jini ya kayar da Baba. Ɓarin damansa ya shanye, hannun hagun ma ko kofin shayi ba ya kaiwa baki sai rabi ya zube. Daga nan Yaya, wana, ya karɓi hawa da koyarwa. Ni, auta, aka bar mini shara da dusa da kai Baba asibiti gashin ƙashi.

Tsintsiya kuwa gyara ce. Dillali ya kawo wani doki, ya sauko da ita a bayansa ya ce a riƙe, shi ma ta ishe shi. Daga wajen masu jan amalanken yashi ta fito, haƙarƙarinta a waje, jelarta kamar tsohuwar tsintsiya, abin da ya jawo mata sunan ke nan. Harshenta na da wani tabo a gicciye, inda ƙarfe ya kusa raba shi biyu. Ko ƙarar makulli ta ji a aljihun mutum sai ta miƙe a kan ƙafafun baya. Yaya ya gwada ta sau ɗaya, ta watsar da shi cikin kashin dawaki, ya tashi yana rantsuwa cewa mahaukaciya ce.

Ni na ce a ba ni ita. Na kifa bokiti a tsakiyar ƙaramin shinge na zauna, na juya mata baya, ba igiya, ba magana. Haka na yi ta zama kamar marainiya, rana ta dake ni, ƙudaje su sha romona. Doki ba ya zuwa wurin wanda ya tsaya ƙiƙam yana zare masa ido. In ka yi ƙasa, ka kau da kai, ka manta da shi, son sani ne zai jawo shi. Ranar da na fara jin hucinta a ƙeyata, sai da na ciji leɓe don kada in yi ihu. Daga nan na koya mata fiton: in yi shi, in ajiye abinci, in matsa. Ban taɓa yin sa ba sai don alheri. Ko magani zan ba ta mai ɗaci, ba na kiran ta da shi, gara in bi ta in sha wahala.

Sannu a hankali ta yarda da ragamar igiya mai laushi, wadda ke zagaye hanci ba ta shiga baki. In na taɓa ta da yatsa ta matsa ko da kaɗan ne, sai in saki nan take, sakin nan shi ne ladanta. In ina kanta na so ta tsaya, ba na ja. Numfashi nake saukewa in zauna sosai, sai ta tsaya cak.

Yaya kan jingina da shinge yana dariya. "Malama Auta, yaya ɗalibar taki? Yaushe za ta zana jarrabawa?"

Jarrabawar kuwa Baba ya sa mata. Daga kan kekensa na guragu ya ce barga ba gidan marayu ba ce, dokin da ba a hawa ba ya cin dusarsa. Ranar Asabar dillali zai zo. In an hau Tsintsiya ta zaga babban fili a gabansa ba tutsu, ta zauna. In ba haka ba, ta koma wa masu yashi. Ban ji tsoro ba ko kaɗan, don mun riga mun zaga filin nan ni da ita har na gaji da ƙirgawa. Sai ga shi ana gobe Asabar, na dawo daga kai Baba gashi, na tarar da jini a bokiti.

Yaya yana ɗakin sirdi yana shafa wa fata mai, har da 'yar waƙarsa. Idona bai fara sauka a kansa ba. A kan rigar aikina ya sauka, shuɗiyar nan mai dogon hannu da nake sawa in zan shiga wurin Tsintsiya. Tana rataye a ƙusar da ba tata ba, kuma ɗinkin hammatarta ya ɓarke. Alƙali kuwa yana kan tebur, an wanke shi, yana ɗiga.

"Yaya, me ka yi mata?"

"Au, kin dawo? Ya jikin Baba?"

"Na ce me ka yi mata?"

Ya ajiye tsumman, fuskarsa wasai, kamar wanda ya yi abin yabo. "Taimakon ki na yi. Gobe fa a gaban Baba ne. Ki hau dabba irin wannan da igiyar shanya, ta kwashe ki ta maka da shinge, wa za a tuhuma? Ni. Shi ne na ce bari in ɗan tausasa mata baki, ta san akwai birki a duniya."

"Ta yaya ka kama ta? Ko inuwarka ba ta bari ta taɓa ta."

Nan ne ya yi dariya, kuma dariyar nan har in mutu ba zan manta da ita ba. "Ke kina ganin ba na kallon ki? Rigarki na sa, na kifa bokiti na zauna, na ba ta baya. Na yi wannan ɗan fiton naki. Wallahi Auta, sai ga ta ta taho kamar akuyar gida, har da ɗora mini haɓa a kafaɗa. Ashe abin naki yana aiki! Kafin ta farga na zura mata igiya na ɗaure a turke."

Ban san lokacin da na ɗauki gwangwanin man ba, sai ƙararsa na ji a bango, man yana gangarowa a kan linzaman Baba.

"Ke! Kina da hankali kuwa?"

"Ni ce ma mara hankali? Ka sa rigata! Ka yi fitona! Wata da watanni ina zaune a kan bokiti rana tana gasa ni, ina gaya wa dabbar nan cewa akwai murya ɗaya a duniya da ba ta ƙarya, kai kuma ka ara ka yi tarko da ita a safiya ɗaya!"

"Doki ne fa, Auta. Ba mutum ba ne. Gobe ta manta."

"Kai ne za ka manta. Kai da ba ka tuna inda ka ajiye makullin mota. Ita harshenta zai tuna mata."

"Ɗan jini ne kawai. Fizga ta yi, ba ni na ja ba. Wane doki ne a bargar nan bai zubar da shi ba?"

"To ta tausasa? Bakin ya yi laushi?"

Ya sosa ƙeya. Sai a lokacin na lura da gwiwar wandonsa a yage. "Ta ɗan yi gardama," in ji shi.

Garin neman gira an rasa ido ke nan. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba mugunta ce ta sa shi ba. Da mugunta ce, da na san inda zan ajiye shi a zuciyata. Yaya ne da ya goya ni ina ƙarama, shi ke tashi ya juya Baba a gado, shi ke yanke masa farce. Da zuciya ɗaya ya yi, yana jiran in gode masa. Na fita na bar shi yana goge mai a bango yana mita wai ba a yi wa mace gwaninta.

Da yamma na haɗa ruwan gishiri mai ɗumi don in wanke mata baki. Ko ƙofar ba ta bari na buɗe ba. Na sake kaya, na wanke hannu da sabulu, na zauna a ƙasa a bakin ɗakin har ƙafata ta yi sanyi. Ba ta juyo ba. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu, kuma yanzu ni ce tsumman.

Washegari da hantsi motar dillali ta shigo tana tari, da akwatin dawaki a bayanta. Mutum ne gajere mai yawan gaisuwa, irin wanda zai tambayi lafiyar kajinka alhali idonsa na kan ƙofar barga. Na turo Baba a kekensa har cikin fili, na tsayar da shi a inuwar shinge, na gyara masa mayafin da ke kan cinyarsa. Ban gaya masa komai ba. Tun jiya ban yi wa kowa magana a gidan ba.

Na buɗe wa Tsintsiya ƙofa na matsa gefe. Ta fito a guje, ta bi jikin shinge ta zaga, ta tsaya can nesa tana huci. Na ɗauki ragamata na nufe ta a karkace, kaina a ƙasa, kamar yadda muka saba. In na yi taku, ta yi biyu. Na tsaya, na juya baya, na jira. Da na waiwaya, ta ƙara nisa.

Dillali ya yi gyaran murya. "Allah ya ba da sa'a. Ni dai ina da wani wurin zuwa, ba don haka ba."

Yaya ya zo kusa da ni, ya yi ƙasa da murya. Alƙali na hannunsa, ya naɗe shi da tsumma don kada ya yi ƙara.

"Auta, ki saurare ni, ki bar fushin nan tukuna. Mu kora ta lungu ni da mutumin nan, in sa mata, in hau. Zagaye ɗaya ne. Da wannan a bakinta ko ta ƙi ko ta so sai ta zaga. Baba ya gani, ta zauna, ki ci gaba da makarantarki."

"Bakinta a fashe yake, Yaya."

"Na sani. A nan sau ɗaya za ta sha shi. A wurin masu yashi kullum ne, safe da yamma, har ta faɗi. Zaɓi."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji kamar in shaƙe shi. Shi ya tona ramin, shi kuma yake miƙo mini tsani mai ƙaya, yana jira in ce na gode. Na dubi goɗiyar, na dubi akwatin motar da ƙofarsa a buɗe. Na fizge linzamin daga hannunsa.

Ba wurin Tsintsiya na nufa ba. Wurin Baba na nufa, ina tafe ƙarfen yana kaɗawa, tsumman ya faɗi a hanya. Na dire masa shi a kan cinya.

"Ga shi, Baba. Linzaminka ne, dokarka ce, ɗanka ne ya yi karatunka bai bar ko wasali ba. Jiya ya sa rigata ya yaudare ta ya yaga mata harshe. In sai da ƙarfe za ta zauna a gidan nan, to kai ka sa mata. Ni hannuna ba ya ciki."

"Auta!" in ji Yaya. "Baba kike gaya wa haka?"

Na san abin da na yi. Na ce wa mutumin da ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa ya tashi ya sa wa doki linzami, a gaban baƙo. Amma zuciya ta riga ta ɗebe ni, ban janye ba.

Baba bai dube ni ba. Linzamin ya duba. Ya kai hannun hagu a hankali, yatsun suna rawa, ya kama shi ya ɗaga kamar tsawon ɗan yatsa. Ƙarfen ya suɓuce, ya bi ta kan mayafin ya faɗi cikin yashi. Hannun ya koma kan gwiwarsa a buɗe.

Ba wanda ya motsa. Dillali ya sami wani abin kallo a takalminsa. Yaya ya juya ya dafa shinge. Ni kuwa na ja da baya na tsaya, idona a ƙasa. Filin ya yi tsit, ba mai kallon goɗiyar, ba mai kiran ta, ba mai neman komai a wurinta. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka haka ba. Takun kofato na ji a yashi, ɗaya, sai shiru, sai wani.

Ta bayan keken ta zo. Mutum ne a zaune, ƙasa-ƙasa, ya ba ta baya, bai ce uffan ba, kuma ba ya warin rigata. Ta miƙa wuya ta shinshina tayar, ta shinshina hularsa. Sannan ta zagayo ta sauke hanci a kan hannun daman nan da ya shekara bai motsa ba. Ta hura masa iska. Hannun bai kama ta ba, don ba zai iya ba.

Bakinta yana dab da fuskarsa. Leɓen ya kumbura, jini ya bushe a gefe, in ta motsa harshe ana ganin sabon yankan a kan tsohon tabo. Baba ya daɗe yana kallo. Ba wanda zai koya masa wannan ciwon, ya san shi kamar yadda tela ya san ɗinkinsa.

Maganarsa tun ciwon nan a hankali take fita, gefe ɗaya na bakin ba ya bin umarni. Sai da muka matso muka ji.

"Shekara nawa... ban taɓa ganin doki ya zo wurina da ƙafarsa ba."

Dillali ya ce, "To, Baba, ya ake ciki? In juyo da motar?"

"Tafi abinka."

Yaya ya juyo. "Baba, ba a hau ta ba fa. Kai ka ce dokin da ba ya aiki ba ya cin abincin gidan nan."

Baba ya ɗago ido ya dube shi. "Ni ina aiki? Ko ni ma... za ka kira mini dillali?"

Yaya ya sunkuya zai ɗauki Alƙali daga yashi, ƙarfen ya yi ƙara, Tsintsiya ta zabura ta bar wurin a guje. Baba ya bi ta da kallo har ƙarshen fili, hannunsa yana nan a buɗe a kan gwiwa.

Motar dillali ta fita da akwatinta wayam. Ya kamata in yi murna, na kuma yi, kaɗan. Yaya ya zo ya tsaya a gefena yana murza ƙarfen a hannu.

"Shi ke nan ai, ta zauna. Komai ya wuce, ko?"

Na tura Baba gida, na ba shi magani, na durƙusa na ce ya yafe mini maganar da na yi. Ya ce in je in ba goɗiyar ruwa.

Na cika bokiti a famfo na kai fili. Tana tsaye a inuwar shinge inda keken Baba ya tsaya ɗazu, tana shinshina sawun tayoyin. Na ajiye ruwan, na matsa baya, kuma kafin in tuna bakina ya riga ni, na yi mata fiton.

Ta ɗaga kai. Ta dube ni sosai, kunne ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Sannan ta juya ta tafi can ƙarshen shinge, inda ba inuwa ba ruwa, ta tsaya a cikin rana.

Na juye ruwan a komin shan ruwan dawaki don ta samu in ta ga dama. Na kife bokitin a tsakiyar fili, na zauna, na ba ta baya. Daga ɗakin sirdi ina jiyo Yaya yana mayar da Alƙali kan ƙusarsa, yana ɗan fito abinsa, kuma fitona ne yake yi bai ma sani ba.